An kori direba saboda fitila guda a tablo

 

Waɗanda suka kama shirinmu na daren jiya sun ji yadda aka ƙare. Lokaci ya cika, mai kula da na'ura yana ta nuna mini agogo ta bayan gilashi, ni kuwa raina a ɓace, na rufe shirin ban faɗi abin da ke bakina ba. Da abin na kwana. Shi ya sa na zo nan inda ba mai ɗaga mini hannu. Rubutun zai ɗan yi tsawo, wanda megarsa ta kusa ƙarewa ya yi haƙuri.

Ga waɗanda ba su ji ba, ga yadda aka yi. Wani bawan Allah ya kira, direba ne, ya roƙa kar a faɗi sunansa ko garinsu, kuma ba zan faɗa ba. Shekara shida yana ja wa wani Alhaji mota. Bara Alhajin ya sake mota, ya sayo Hilux otomatik ta hannu. Dillali ya nuna masa butoci biyu kusa da giya, ɗaya an rubuta ECO, ɗaya PWR, ya ce: "Alhaji, wanga in ka danna shi rabin mai take sha. Wancan ko na ƴan gayu ne, ɓarnar mai ce tsantsa." Alhaji ya riƙe maganar kamar hadda. Kwanan baya suna fitowa daga wata kasuwar ƙauye, an labta wa motar buhunan wake, hanyar rairayi ce, Alhaji na zaune gaba, sai idonsa ya kai kan tablo ya ga PWR tana ci. Bai ce komai ba har suka iso gida, sannan ya miƙa hannu ya karɓi makulli. Ya ce yau ya gane inda mansa ke tafiya. Magidanci mai ɗiya biyar, jiya kwanansa tara a zaune.

Korar ta ƙona mini rai, amma kiraye-kirayen da suka biyo baya sun fi ta. Na farko ya ce Alhaji ya yi daidai, direbobi duk halinsu ɗaya. Na biyu, shi ma direba, ya ce ai ECO ɗin nan shaƙe inji yake, mota ba ta daɗewa in ana danna shi, shi kullum a PWR yake tafiya don "tana ƙara doki". Na uku ya ce shi makaniki ne, a kawo masa motar ya cire wayar butocin gaba ɗaya kowa ya huta. Mutum uku, kowa da ƙarfin murya, kuma wallahi ba wanda ya faɗi daidai a cikinsu.

Na san wani zai ce, kai ɗan rediyo me ka sani a mota? Gaskiya ne, ban taɓa kwance inji ba. Amma abin nan a rubuce yake cikin littafin da kamfani ke sakowa tare da kowace mota. Na nemo na Faransanci a intanet na karanta, na zauna da tsofaffin direbobi da makanikan da suka san aikinsu, kuma na gwada a tawa tsohuwar. Wanda ya ga kuskure ya rubuta a ƙasa, amma ya zo da hujja.

Motocin da muka taso muka gani, Fijo 504, Starlet, tsofaffin Hiace, waya ce ta ƙarfe ta taso daga totur ta tafi kai tsaye wurin inji. Ka taka kaɗan ta ja kaɗan, ka taka da yawa ta ja da yawa, ba mai shiga tsakani. Motocin yanzu an cire wayar nan. Ƙafarka saƙo kawai take aikawa ga ƙwaƙwalwar mota, wata ƴar kwamfuta, ita ke yanke yawan iska da man da za a ba inji, in kuma motar otomatik ce ita ke zaɓen lokacin canza giya. Butocin nan biyu da ita suke magana.

In ka danna ECO ka ce mata ke nan, yi mini a hankali. Sai ka taka rabi ta ba ka ƙasa da rabi, kuma shi ma ba farat ɗaya ba. Ta riƙa saurin hawa babbar giya don inji ya rage juyi. A motoci da yawa har kilim take rage wa ƙarfi, shi ya sa a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, za ka ji sanyin ya koma kamar ana yi maka fifita. In ka danna PWR ka ce mata, zauna a shirye. Ka ɗan taɓa ta zabura, ta riƙe ƙaramar giya ta daɗe kafin ta saki, in ka ƙara takawa ta sauko giya nan take. A tsofaffin Toyota otomatik za ku ga an rubuta ECT PWR, shi wannan lokacin canza giya kaɗai yake taɓawa.

Iyakarta ke nan fa. Injin ɗaya ne, girmansa ɗaya. Ɗan'uwana da ya ce tana ƙara doki, ko kuru guda ba ta ƙarawa. Dokin da kake kai shi ne dai, linzami ne ake ja ko a saki. A yawancin motoci in ka nutsa totur har ƙasa, ko a ECO kake ko a PWR, duk abin da injin ke da shi zai ba ka. Kuma ECO ba ya shaƙe komai, waɗanda suka ƙera injin su suka sa buton.

To mu koma kan rairayin da aka kori mutum saboda shi. Duk wanda ya taɓa bin hanyoyin ƙauyukanmu, ko ya ratsa Gulbin Kaba da rani, ya san dokar yashi: kar ka bari gudu ya mutu. Mota mai kaya tana son inji ya riƙe juyinsa daga farkon yashin har ƙarshensa. A ECO, daidai lokacin da kake neman ƙarfi sai ta hau babbar giya, juyi ya faɗi, taya ta fara tono, kafin ƙwaƙwalwar ta farga ta sauko kun riga kun kafe. Daga nan fa? A sauke buhuna, a nemo shebur, a saro kaba a shimfiɗa, a kira samarin gari su tura, inji na kuka rabin awa wuri guda, akwatin giya na ɗaukar zafi. Man da za a ƙona a ramin nan sai ECO ya yi kwanaki bai maido shi ba, ban da goron samari. Direban nan da ya danna PWR kafin ya shiga yashi dukiyar maigidansa ya tsare, aka saka masa da kora. An bar jaki ana dukan taiki. Jakin kuwa yana can inda ake jera motoci, yana nuna wa wani Alhajin buton.

Dillalai, da ku nake. Rabin mai a ina? A wane littafi kuka gani? Ku yi tunani kanku: da akwai buton da zai raba shan mai biyu, wane kamfani ne zai bar shi a buton? Ai haka za su ƙera motar gaba ɗaya, su buga a talabijin, su kashe kasuwar abokan hamayyarsu. Abin da ECO ke ragewa ɗan kaɗan ne, kuma a cikin gari ya fi nunawa, inda ake tashi ana tsayawa, irin cunkoson bakin babbar kasuwar Maraɗi, wurin mutum mai nauyin ƙafa. Wanda dama ƙafarsa mai sauƙi ce da wuya ya ga bambanci. A kan doguwar kwalta kuwa, gudu ɗaya, mota ta zauna a giyarta ta ƙarshe, ECO da PWR kusan abu guda suke sha.

Su kansu lambobin da kamfani ke bugawa a ɗakin gwaji ake auna su. Ƙa'idar da Turai ke bi tun 2017, wadda ake kira WLTP, a kan na'ura ake yin ta, cikin ɗaki mai digiri 23, kilim a kashe, ba rago a but, ba iskar hunturu. Sannan motar ta yi shekara goma sha tana yawo a Beljiyam ko Jamus kafin ta hau jirgin ruwa zuwa Kwatano ko Lome. Hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙirga a rahotonta na 2020 cewa daga 2015 zuwa 2018 Turai da Amurka da Japan sun fitar da tsofaffin ƙananan motoci miliyan 14, kuma Afirka ta fi kowace nahiya kwasa. Suna iso mana da butocinsu cif. Littafin ne ba ya isowa, in ma ya iso da Jamusanci yake ko yaren Holan, ni da na yi lise ban iya karanta shi ba. Sai dillali ya zama shi ne littafin, kuma littafin da ke cin la'ada ai ba zai faɗi abin da zai rage ciniki ba.

Akwai ma buton da aka rubuta SNOW, ko aka zana hoton ƙanƙara. Na ƙasashen da ƙanƙara ke rufe titi ne, yana sa mota ta tashi da giya ta biyu ko ta uku don kar taya ta sulɓe. Da kunnena na ji wani a tasha yana rantsuwa wai buton ƙara sanyin kilim ne, kuma mutane na gyaɗa kai.

Wani ruɗanin shi ne koriyar fitilar ECO da ke zuwa tana tafiya a tablon wasu Corolla da Camry. Ita ba ta da buton ma. In ka sassauta ƙafa ta kama, in ka taka ta ɗauke. Shaida kawai take bayarwa a kan ƙafarka, ba ta taɓa inji. Ƴan kabu-kabu, wasu baburan Indiya irin TVS suna da irin fitilun nan biyu, na tattali da na ƙarfi, su ma labari suke ba ku kan yadda kuke murɗa hannu.

Kar ku ce na zo ina faɗa kamar na fi kowa sani. Bari in tona kaina. Lokacin da na sayi tawa Corollar, otomatik, akwai wani ɗan buton a jikin sandar giya. Wata rana hannuna ya taɓa shi, wata fitila ruwan goro ta fito a tablo, O/D OFF. Da ɗan Ingilishin da aka koya mana a kolej na ce ai OFF kashewa ne, in an kashe abu an rage ci, madalla. Wata uku ina zirga-zirga tsakanin Tasawa da Maraɗi, inji na ihu, mai na bin iska. Na zargi masu gidan mai. Na zargi ƙanena da nake ba aron motar, har na daina ba shi. Sai wani dattijon direba da na rage wa hanya ya saurari kukan injin, ya miƙo hannu ya danna abin, ya ce: "Yaro, wa ya hana ma giyarka ta ƙarshe?" Ashe in fitilar nan na ci, an kulle babbar giya ne, motar a ta uku take ta wahala. An yi shi don hawan tudu da jan kaya da riƙe mota a gangara. In kuma ta riƙa ƙyaftawa da kanta, akwatin giya ne ke kuka, a kai gareji. Ƙanena har yau in mun haɗu a gida sai ya tambaye ni ko an gano ɓarawon. Don haka na san ɗacin zargin mutum a kan fitilar da ba ka gane ba, na kuma san yadda neman gafara ke da nauyi a baki.

Me ya sa maganar ta yi zafi yanzu? Shekara da shekaru mun saba da ruwa-ruwa, man Najeriya da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa da hanyoyin daji, a kwalabe bakin titi, ƙasa da kuɗin gidan mai. Lokacin ba wanda ya damu da buton. Ranar 29 ga Mayu 2023 Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, cikin ƴan kwanaki kuɗin lita a can ya kusa ninkawa uku, araha ta tafi. Kowa ya dawo kan man SORAZ, matatar Damagaram da aka buɗe a 2011 mai ƙarfin ganga 20,000 a rana. A Yulin 2024 gwamnati ta sauke litar esansi zuwa 499, dala ɗari ba tamma ɗaya, gazuwal zuwa 618, aka ji daɗi. A Maris 2025 kuma duk mun ga dogayen layuka da gidajen mai a rufe. Tun daga nan kowane mai mota ya zama ɗan lissafi, kuma ban ga laifinsa ba. Wurin da ake dubawa ne ba nan ba ne.

Babban mashayin mai shi ne gudu. Iskar da ke tare mota ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudunka. In ka ninka gudu biyu, turjiyarta ninkawa huɗu take. Daga 90 zuwa 120 kaɗai ta ƙaru da wajen kashi 78 cikin 100, kuma da mai ake ture ta. Tasawa zuwa Maraɗi kimanin kilomita 120 ne. A gudun 120, mu ɗauka ba Gazawa, ba Agye, ba Cadawa, ba shanu ba amalanke a hanya, awa guda. A 90, awa guda da minti 20. Minti 20 muke saye da tsada haka, mu isa kuma mu zauna shan shayi na awa biyu. Lokacin da ƙasashen Larabawa suka ƙulle famfon mai a 1973, Amurka da duk masana'antunta abin da ta yi a 1974 shi ne doka: kar kowa ya wuce mil 55 a awa, kusan 90 ɗin nan tamu. A ƙafar direba suka nemi maganin.

Sai kayan da ake ɗorawa a rufi har mota ta koma kamar rumbu, iska na dukansu. Sai tayar da aka rage wa iska don yashi, abin da ya dace, amma aka hau kwalta aka manta a mayar, tana cin mai tana kuma zafi har ta fashe. Sai kuma wannan, Alhazaina ku yi mini haƙuri: a shiga gaisuwar mutuwa ko ɗaurin aure a ce wa direba ya bar inji da kilim a kunne kar mota ta yi zafi. Mota a tsaye tana iya shan kusa da lita guda a awa, kilomita ko ɗaya ba ta yi ba. Ƙarshen wata a ce direba ya ba da bayani.

Ku kuma ƴan gareji, da ku da ɗan'uwanku mai cire waya. Akwai na kirki a cikinku, wasu su suka koya mini rabin abin da nake rubutawa. Amma al'adar nan ta ishe mu. Mota na sauka abu na farko a cire termosta, wai na ƙasar sanyi ne. Aikinsa fa ya riƙe inji a zafin da aka ƙera shi ya yi aiki, wajen digiri 80 zuwa 90. In babu shi, da safiyar hunturu ko a doguwar hanya inji ba ya kai zafinsa, ƙwaƙwalwa ta ɗauka har yanzu bai ɗumama ba, ta yi ta ƙara mai. Na biyu a fasa katalizer a kwashe abin ciki, don akwai ƙarafa masu tsada a jiki, irin su filatinom, ana sayen su. Garin haka a tsinke wayar ɗan abin da ke sansanar hayaƙi yana gaya wa ƙwaƙwalwa ko mai ya yi yawa ko ya yi kaɗan. In ya mutu ta koma kintace, kintacenta kuwa wajen yawa yake karkata. Fitilar inji ta kama tana ƙara, maimakon a sa na'ura a tambaye ta me ke damunta, sai a liƙe ta da baƙin salatif ko a cire ƙwan. Filtar iska ta sha ƙurar hunturu ta toshe, a kakkaɓe ta a jikin taya a mayar. Sabuwar mota ta rasa numfashi, tsohuwa mai kaburata kuwa man ne kai tsaye ke ƙaruwa. Bayan duk wannan sai a zo a danna ECO ana jiran abin al'ajabi. Tulu ya huje a gindi, ana faɗa da yara kan girman moɗa.

Duk abin da na faɗa zuwa nan kuɗi ne. Akwai inda maganar ke komawa ta rai, kuma nan ne ba na wasa.

Direbobin haya, musamman masu diznaf, ku bar sa mota firi a gangara, abin da mu ƴan lakkwal ke ce wa puwan mor. A mota mai injekta ko riba babu: in kana cikin giya ka ɗage ƙafa, ƙwaƙwalwa yanke man take gaba ɗaya, tayoyi ke juya inji. In ka sa firi dole a ci gaba da ba inji mai don kar ya mutu. Ka ga ka ƙara sha, ka kuma rasa riƙon da inji ke yi wa mota, komai ya koma kan birki. Masu kashe makulli ɗungurungum kuwa, waɗanda na gani a gangaren duwatsun Adar a hanyar Tawa, su ji da kyau. Inji na mutuwa, abin da ke taimakon birki taka ɗaya ko biyu ya rage masa, daga nan feda ta zama dutse. Sitiyari ya yi nauyi, in makulli ya ƙara juyawa ma ya kulle. Mutum goma sha tara a bayanka, da mata da goyo, a kan man da bai cika kofin shayi ba.

Sai wuce babbar mota. Babbar hanyarmu layi biyu ce, ɗaya tafiya ɗaya dawowa, cike da tankokin mai daga Damagaram da gingimarin albasar Galmi. In ka fito za ka wuce tirela, kowace daƙiƙa da ka yi a hannun da ba naka ba bashi ce. A ECO, in ba ka nutsa ƙafa har ƙasa ba, akwai ɗan jinkirin nan kafin mota ta amsa. Don irin wurin nan aka yi PWR: ka danna, ka wuce, ka koma hannunka, ka kashe. Maigidan da ya tsorata direbansa har ya zama yana jin tsoron taɓa buton, ya sani shi ma a cikin motar yake zaune.

Ban ce Alhaji ba shi da ko ƙwayar gaskiya ba. In aka bar PWR a kunne dare da rana, cikin gari, mota ba kaya, lalle za ta fi sha, don tana daɗewa a ƙananan giya kuma tana zuga ƙafa. Samarin da ke tashi da ƙara a gaban makarantar ƴan mata sun san da su nake. Kuma eh, akwai direbobi masu tiyo da jarka, kowa ya san haka, su ma direbobin kirki suna jin haushinsu don su suka ɓata musu suna. Amma ku duba: ɓarawon mai ai shi zai fi kowa son barin ECO a kunne. Da rana koriyar fitila na yi wa Alhaji murmushi, da dare tiyo na aiki a bayan gida. Fitila ba ta kama ɓarawo, ba ta kuma wanke shi.

Abin da ke kama shi biro ne da takarda. A cika tanki har famfo ya tsaya da kansa. A rubuta lambar kwanta. A yi tafiya, a dawo famfon nan dai, a sake cikawa har ya tsaya. Litocin da suka shiga a raba su da kilomitocin da aka yi, a ninka da 100. Misali an je Maraɗi an dawo, kilomita 240, lita 24 ta shiga, to motar lita 10 take sha a kowane kilomita 100. Mai motar da ta fito daga Amurka ya lura, kwantarsa mil take ƙirgawa, mil guda kilomita 1.6 ne, kar ya zo ya ce motarsa ta haukace. A yi haka sau uku a hanya guda da kaya iri guda, maigida na ciki. Daga nan ya san cikin motarsa, duk ranar da lissafi ya kauce sosai yana da abin tambaya. A yi wani zagayen da ECO, wani babu shi, kowa ya ga rabin man dillali da idonsa.

Alhaji, ranka ya daɗe, na san ko ba ka karanta ba za a karanta maka. Ba na neman in kunyata ka, shi ya sa ko harafin sunanka ban sa ba. Ƙarya aka sayar maka haɗe da mota, kuma ba kai kaɗai ba. Ga roƙona. Ka kira yaronka, ku ɗora buhunan nan, ku koma hanyar nan. Zuwa a ECO, kai da kanka ka danna, dawowa ka bar shi ya yi yadda ya saba. Ni zan zauna a baya da biro da takarda, man zuwa ni zan biya, amma shebur kai za ka kawo. In lissafi ya nuna yana cutar ka, zan faɗa a rediyo da bakina. In bai nuna ba, ka mayar masa da makullinsa da kuɗin kwanakin da ya yi a zaune, don shekara shida ba kwana shida ba ce.

Sauran jama'a, duk wanda ya yi gwajin tankin nan kafin Laraba mai zuwa ya aiko mini da irin motarsa, hanyar da ya bi, lita da kilomita, zan karanta su ɗaya bayan ɗaya a shirin ƙarfe tara na dare. Na kuma nemi a ƙara mana minti goma sha biyar. Makanikin da ya ce a kawo masa ya cire waya, ina gayyatarsa ya zo situdiyo mu zauna. Dillalin ma layi a buɗe yake, ya taho da littafin da ya ga rabin mai a ciki.